Kagarko Ƙasar Citta: Ɗaya-ɗaya Ake Sayen Magani, A Haɗe Yake Shiga Jiki

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi kudu a kan babbar hanyar Abuja, in ya wuce Rijana da Katari zai iso mararrabar Jere. In ya saki babbar hanya a nan ya karkata gabas, to, ya kama hanyar Kagarko ke nan, wadda ta zarce har Kubacha da Kwoi da Kafanchan. Tun bai yi nisa ba zai ga ƙasa ta sake kama. Ciyawa ta fi tsawo, itatuwa sun fi duhu, ga duwatsu jefi-jefi, ga kurmi duk inda rafi ya ratsa. Damina a nan takan sauka tun cikin Afrilu, ba ta ɗaukewa sai Oktoba, saboda haka ruwan da manomin Katsina ko na Daura ke roƙon Allah ya ba shi, wani lokaci shi manomin Kagarko har yawa yake yi masa.

Garin Kagarko shi ne hedkwatar ƙaramar hukumar da ke amsa wannan suna, wadda aka yanke daga Kachiya. Ta yi iyaka da Kachiya da Jaba a cikin Jihar Kaduna, ta kuma yi iyaka da Jihar Neja da Jihar Nasarawa da Babban Birnin Tarayya. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanenta sun haura 200,000. Akwai Koro, akwai Gbagyi waɗanda Hausawa ke kira Gwari, akwai Hausawa da Fulani, ko wane da harshensa, amma Hausa ita ce ke haɗa su a kasuwa. Sarakuna uku ne ke riƙe da ƙasar: Sarkin Kagarko, da Sarkin Jere, da Sarkin Koro wanda fadarsa ke Kubacha. Cikin Yuli na 2016 aka buɗe sabuwar hanyar jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna, aka kuma yi mata tasha a Jere.

Ana noma masara da dawa da doya da gyaɗa da wake da shinkafa a Kagarko, amma abin da ya fitar da sunanta duniya shi ne citta mai yatsu.

CITTA DA MAGANINTA

Tun wajen 1927 aka soma noman citta don sayarwa a kudancin Lardin Zariya na wancan zamani, kuma har yau Kachiya da Jaba da Kagarko su ne cibiyarta. Aikinta ba na rago ba ne. Ana shuka ta da farkon damina, a rufe gonar da ganye da ciyawa don ƙasa ta riƙe laima, a yi ta cire haki da hannu domin fartanya tana yi mata rauni. In kaka ta yi a tone ta, mata da yara su zauna su tsaga ta biyu da wuƙa, a shanya a kan fa ko a fili har ta bushe. Ranar kasuwar Kubacha tun daga nesa ƙamshinta ke tarbar baƙo, ga buhuna tsibi-tsibi, ga dillalai, ga manyan motoci suna jiran lodi zuwa Kano ko Ikko.

To, amma wanda ya ratsa kasuwar da idon basira zai lura da wani layi da babu shi a zamanin kakanni, watau layin masu sayar da maganin feshi. Ga na ciyawa mai ƙone ganye nan take, ga wanda ke bin saiwa, ga wanda ake fesawa a ƙasa tun haki bai fito ba. Ga na ƙwari, ga na fumfuna, ga takin zamani na buhu da na ruwa. Dalilin yawansu ba ɓoyayye ba ne: kuɗin ƙwadago ya yi tsada, gona kuwa ba ta jira, kuma abin da mutum goma za su wuni suna yi da hannu, yaro ɗaya mai goye da tankin feshi yakan gama shi kafin azahar.

Cikin daminar 2023 wata cuta ta fumfuna ta auka wa gonakin citta na kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya ya bushe, saiwa ta ruɓe a ƙasa, aka ƙiyasta hasarar da manoma suka yi ta kai Naira miliyan dubu 12. Mutumin da ya zuba dukiyarsa duka a gona, wani ma da bashi, ya ga tana mutuwa a gabansa, ba ya tsayawa karanta takardar jikin kwalba. Duk maganin da aka ce masa yana yi sai ya saya, in ɗaya bai yi ba ya ƙara wani a kai.

Ko ba annoba ma, haɗa magani biyu ko uku a tanki guda al'ada ce da ta zama ruwan dare a gonakin ƙasar nan. Tankin yana cin lita 16 ko 20, ruwa kuwa daga rafi ake ɗebo shi, don haka manomi yakan ga babu dalilin zagaya gona sau uku alhali zai iya yi sau ɗaya. Da gwangwanin madara ake awo, da ɗan itace ake motsawa, wani lokaci ma da hannu. Daga nan ne maganar da ta dami masana lafiya take farawa.

JAKI DA KAYAN MUTUM UKU

Duk maganin da hukuma ta yarda a sayar, an gwada shi, an kuma yanka masa iyakar da jikin ɗan Adam zai iya ɗauka ba tare da cutuwa ba. Amma fa shi kaɗai aka gwada shi. Jiki kuwa ba ya karɓar guba ɗaya-ɗaya. Wanda ya yi feshi da safe, ya sha ruwan rijiya da rana, ya ci tuwon masarar da aka adana da magani da dare, ya kwana a ɗakin da aka yayyafa fiya-fiya don sauro, duk hanta ɗaya da ƙoda biyu ne za su yi fama da abin da ya shiga cikinsa.

Misalin abin shi ne jakin da ƙarfinsa buhu ɗaya ne. In mutum uku suka zo ko wane ya ɗora masa rabin buhu, ko wannensu yana iya rantsuwa bai wuce ƙa'ida ba, amma jaki ya durƙushe.

Masana sun kasa yadda gubobi ke haɗuwa a jiki kashi uku. Na farko, waɗanda aikinsu iri ɗaya ne. Fiya-fiya, wadda sinadarinta shi ne dikulobos, da kulofirifos, da malatiyon, duk dangi ɗaya ne. Akwai wani sinadari a jiki wanda aikinsa shi ne kashe saƙo bayan jijiya ta isar da shi, su kuwa waɗannan magunguna shi suke ɗaurewa, sai jijiya ta yi ta bugawa ba tsayawa. Abin da ke biyo baya shi ne dalalar miyau, da gumi, da amai, da zawo, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da sarƙewar numfashi. Sunansu a kwalba daban-daban, amma a wurin jiki abu ɗaya ne, don haka tara su ake yi kamar yadda ake tara kuɗi. Cikin 2002 wasu masana a Jami'ar London sun haɗa sinadarai 8 masu aiki iri ɗaya, ko wane a ɗan ma'aunin da shi kaɗai ba a ga ya yi kome ba. Da aka gwada haɗin a ɗakin bincike sai ga aikinsa ya fito ƙarara. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, waɗanda ko wane da hanyarsa, wannan ya nufi huhu, wancan ya nufi jini. Su ma wani lokaci sukan tarar da juna a gaɓa guda, kamar yadda dalma da kadmiyam duk ke gajiyar da ƙoda.

Na uku shi ne mafi haɗari, ko da yake bincike ya nuna bai kai na farko yawan aukuwa ba: inda guba ɗaya ke ƙara wa wata ƙarfi, ɗaya da ɗaya su zama goma. An ga haka a Pakistan cikin 1976. Ma'aikata wajen 7,500 ne ke feshin malatiyon a gidaje don yaƙi da zazzaɓin cizon sauro, maganin da aka san yana da sauƙi ga mutum domin jiki yana da hanyar karya shi. Ashe wani sashe na maganin ya gurɓata, ajiya cikin zafi ta ƙara masa wani sinadari wanda ke toshe wannan hanya. Ma'aikata kimanin 2,800 suka kamu, 5 suka rasu. Duk mai shagon da ke tara kwalabe a ƙarƙashin rufin kwano cikin zafin Maris yana da darasi a wannan labari.

DAGA GONA ZUWA GURARA

Abin da aka fesa ba duka ke tsayawa a kan ganye ba. Wani ya bi iska, wani ya nutse a ƙasa, wani kuma ruwan sama ya wanke shi zuwa kwari. Ƙasar Kagarko kuwa ƙasar gangare ce mai yawan ruwa, kuma Kogin Gurara ne uban rafukan wannan yanki, wanda ke ratsa kudancin Kaduna ya shiga Jihar Neja kafin ya faɗa Kogin Kwara.

A kan wannan kogi ne Gwamnatin Tarayya ta gina madatsar ruwa ta Gurara, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 880. Daga nan aka ja wani ƙaton bututu mai tsawon kilomita 75 zuwa madatsar Usuma, inda ake tace ruwan da mutanen Abuja ke sha. Daga ruwan Gurara kuma ake ba gonakin noman rani na Azara da Jere. Ashe ke nan abin da ɗan ƙwadago ya wanke daga tankinsa a bakin rafi ba maganar ƙauyensu kaɗai ba ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wasu magungunan sukan lalace cikin 'yan kwanaki, wasu kuwa suna da naci. Atarazin, wanda manoman masara suka daɗe suna amfani da shi, yakan bi ruwa ya sauka ƙarƙashin ƙasa. Jamus ta hana shi tun 1991, amma fiye da shekara 20 bayan haka ana samun burbushinsa a ruwan ƙarƙashin ƙasarta. Tacewa irin ta yau da kullum, da yashi da alif da kulorin, tana kawar da laka da ƙwayoyin cuta, amma ba ta kawar da irin wannan sosai sai an haɗa da wani gawayi na musamman. Tafasa ruwa ma haka: yana kashe ƙwayar cuta, ba ya kashe dalma. Shi ya sa Tarayyar Turai ta yi wa ruwan sha iyaka biyu. Ko wane maganin feshi kada ya wuce maikirogiram 0.1 a lita, sa'an nan dukansu in an tara kada su wuce 0.5. Maikirogiram kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Iyaka ta biyun ita ce amsar matsalar jakin nan.

A ƙasar nan hukumar NAFDAC ta sanar da hana farakwat daga farkon 2024, da kulofirifos daga ƙarshen wannan shekara, da atarazin daga farkon 2025. Farakwat dai shi ne mai ƙone ciyawa nan take, kuma guba ce da ba ta da makari, kurɓi ɗaya na iya lalata huhun babban mutum. Amma doka a takarda daban, abin da ya rage a lungun ɗaki da ƙarƙashin ƙasa daban.

Rijiyar gida ita ma tana da nata. Takin zamani da kashin kaji da ake zuba wa citta da masara, da kuma masai in an haƙa shi kusa da rijiya, duk suna sakin wani gishiri da ake kira naitiret, tare da ɗan'uwansa naitirait. Ba su da launi, ba su da wari. Babba ba ya jin kome, amma jaririn da ake dama wa madara ko koko da wannan ruwa, suna rage wa jininsa ƙarfin ɗaukar iska har leɓensa ya yi shuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret miligiram 50 a lita, na naitirait miligiram 3, ta kuma ce tilas a haɗa lissafinsu. A ɗauka an auna wata rijiya aka sami naitiret 30, naitirait kuma 1.5. Ko wane yana ƙasa da iyakarsa. Amma 30 cikin 50 kashi 60 ne cikin ɗari, 1.5 cikin 3 kuma kashi 50 ne. In an tara sun zama 110. Wannan rijiya ta faɗi jarrabawa, alhali wanda ya duba su ɗaya-ɗaya zai sa hannu ya ce lafiya lau.

BAKIN TITI

Wanda ya komo yamma zuwa babbar hanya zai tarar da wata Kagarko dabam. Daga Jere zuwa Tafa, a bakin iyakar Jihar Neja, nan manyan motoci da tankokin mai ke yada zango. Ga makanikai, ga masu walda, ga masu cajin batir, ga masu faci, ga masu abinci a tsakaninsu. Baƙin mai yakan malala a ƙasa, tsohuwar taya takan ƙare a wuta, tsohon batir kuwa cike yake da dalma da ruwan asid. A gefen hanyoyin karkara kuma, in kaka ta yi, za a ga an baza citta ko masara ko garin rogo a kan kwalta don su yi saurin bushewa, ƙura da hayaƙin mota suna sauka a kai.

Dalma ba baƙuwa ba ce ga mutanen Arewa. Cikin 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida, ana kuma kama zinariyar da zaiba, wadda ita ma guba ce ga ƙwaƙwalwa. Cikin 2015 ta sake kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Likitoci sun tabbatar cewa cikin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu ko biyar na abin da cikin babba ke tsotsewa, kuma yaron da ke fama da ƙarancin jini ko rashin abinci mai gina jiki ya fi kowa tsotse ta. Watau yunwa ma abokiyar tafiyar guba ce. Wanda ba ta kashe ba takan rage masa kaifin ƙwaƙwalwa, sai a ga yaro ba ya gane karatu a yi ta dukansa a banza.

Haka nan kuma masana'antu sun soma shigowa. A Gujeni, cikin wannan ƙaramar hukuma, an kafa babbar masana'antar haƙar tama da sarrafa ƙarfe, wadda aka bayyana jarinta dala miliyan 600 ne. Wannan abin farin ciki ne ga matasa masu neman aiki. Dokar ƙasa ta 1992 ta wajabta a auna tasirin irin wannan babban aiki a kan muhalli, kuma amfanin awon ga kowa ne, har da masu masana'antar, domin in an san yadda ruwa da iska da ƙasa suke tun farko, ba za a ɗora wa wani laifin wani ba. Ita dokar tana da tarihi. Cikin 1988 aka gano dubban gangunan sharar masana'antu da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na Jihar Bendel ta wancan lokaci, gubobi iri-iri a cakuɗe. Wannan ne ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekara, wadda hukumar NESREA ta gaji aikinta cikin 2007.

ABIN DA KE CIKIN RUMBU

Ba duk guba ce ake sayowa a kwalba ba. Ƙasa mai laima irin ta Kagarko, inda sau da yawa ruwan ƙarshe ke tarar da masara da gyaɗa a shanya, wuri ne da fumfuna ke jin daɗi. Akwai irin fumfunar da ke haifar da gubar da ake kira afalatoksin, wadda ke kama gyaɗa da masara da barkono da busasshiyar citta in ba su bushe sarai ba. An gano ta ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila cikin 1960 sanadiyyar abincin da aka yi musu da gyaɗa. Cikin 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya bayan sun ci gurɓatacciyar masara. Dafuwa ba ta kashe ta.

Ɗan kaɗan-kaɗan da ake ci shekara da shekaru shi ke jawo ciwon dajin hanta, kuma a nan ne ake ganin mugun haɗi. Wani bincike da aka yi a kan maza fiye da 18,000 a birnin Shanghai na ƙasar Sin, wanda aka bayyana sakamakonsa cikin 1994, ya nuna cewa mai afalatoksin a jiki haɗarin kamuwarsa da wannan ciwo ya ninka kamar sau 3, mai ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B kamar sau 7, amma wanda ya haɗa biyun kusan sau 60. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya cikin 2018 kuwa ya nuna kimanin mutum 8 cikin ko wane 100 na manya suna ɗauke da wannan ƙwayar cuta, da yawansu ba su ma sani ba.

Don gudun ƙwari kuma sai a zuba wa hatsi da wake magani a buhu. Cikin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda an sami sinadarin fiya-fiya a cikinsa fiye da ƙima, wani ma ninki ɗaruruwa. Turawa sun ƙi, amma irin wannan wake bai fasa shiga tukunya a gida ba. Sai ga kwano ɗaya ya haɗa gubar fumfuna da gubar da aka zuba don tsare hatsin.

YADDA AKE AUNA HAƊARIN

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da ƙa'idojin auna haɗarin cakuɗaɗɗun sinadarai tun 1986, Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta fitar da nata tsari cikin 2011. In aka sauke su daga harshen masana, matakan ba su fi biyar ba, kuma ba wanda ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma irin Kagarko in ta sami taimakon jiha.

Da farko a san abin da ke akwai. Wannan ba ya bukatar na'ura, littafi da alƙalami sun isa: a bi shagunan Kagarko da Jere da Kubacha a rubuta sunan sinadarin da ke cikin ko wace kwalba, ba sunan kasuwa ba, domin sinadari ɗaya yakan zo da suna goma. Na biyu, a bi hanyoyin da yake shiga jiki, watau ruwa, da abinci, da numfashi, da fata, da ƙasar da yara ke wasa a kai suna kai hannu baki. Na uku, a tambaya wa ya fi shiga haɗari. Jariri ya fi babba shan ruwa in an gwada da nauyin jikinsa, mai juna biyu mutum biyu ce, mai feshin haya kuwa yakan wuni cikin magani wata da watanni.

Na huɗu, a auna a lokacin da ya dace. Wanda ya ɗebi ruwan rafi cikin Janairu ya kai ɗakin bincike zai komo da labari mai daɗi, amma da ya ɗiba bayan ruwan farko na Mayu, sa'ad da aka gama feshi, mai yiwuwa da labarin ya sake. Akwai kuma gwajin jini mai nuna yadda maganin ƙwari ya taɓa mai feshi tun bai kwanta ba, da mai nuna yawan dalma a jinin yaro. Na biyar, a tara lissafi: a ware gubobin da ke nufar gaɓa ɗaya, a raba abin da aka samu na ko wace da iyakarta, a haɗa, kamar yadda aka yi wa rijiyar nan. In jimla ba ta kai 100 ba, a juya ga wani wuri. In ta wuce, nan za a zuba kuɗi da ƙoƙari.

Masu iya wannan aiki ba nesa suke ba. Ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello, ga Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, ga hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna. Abin da ake bukata shi ne malamin gona da malamin asibiti da ma'aikacin ruwa su zauna a tabarma ɗaya, domin ko wannensu rabin buhu kaɗai yake gani.

ABIN DA MAI GIDA ZAI IYA

Kafin hukuma ta iso, akwai abin da ke hannun mai gida. Tun da lissafin tarawa ne, duk abin da aka rage ya ragu. Kada a haɗa magani biyu a tanki sai in takardar jikinsu ko malamin gona ya ce a haɗa. Mai feshi ya sa doguwar riga da takalmin roba da safar hannu, ya rufe hanci da baki, kada ya ci goro ko ya sha taba yana cikin aiki, in ya gama ya yi wanka da sabulu kafin ya ɗauki yaro. Kada a wanke tanki a rafi ko a bakin rijiya. Kwalbar da ta ƙare a ɗauraye ta sau uku a juye ruwan cikin tanki, a huda ta, kada uwargida ta mai da ita ta manja ko ta gishiri. A nisanta masai da rijiya, a kuma ɗaga bakinta a yi mata murfi.

Amfanin gona a shanya shi a kan tamfol ko daɓe, nesa da kwalta, a tsince wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a ba kaji ko shanu domin gubar tana bin madara. Akwai buhu mai leda biyu a ciki, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka soma yaɗawa a Afirka ta Yamma cikin 2007, mai kashe ƙwarin wake da rashin iska ba tare da ɗigon magani ba. Allurar rigakafin cutar hanta nau'in B kuwa tana cikin alluran yara na ƙasar nan tun 2004, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Jaririn da aka yi wa ita an raba shi da rabin wancan mugun haɗi tun bai san ɗanɗanon tuwo ba.

Ba wanda zai ce wa manomin Kagarko ya koma zamanin da, domin da kuɗin citta ake biyan makaranta, ake rufin kwano, ake aurar da 'ya'ya. Abin nema shi ne ya tsira da amfanin gonarsa da lafiyarsa duka biyu. In Afrilu ta kewayo hadari ya haɗo daga gabas, samari za su sake goya tankuna su nufi gona, ruwan da zai sauka da dare kuma zai gangara rafi, wani ya shiga rijiya, wani ya nufi Gurara. Abin da zai tafi da shi ya dogara ga abin da aka zuba da safe.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye manoma da iyalansu.